Anaruwa da Lofen Kaka

A ƙauyen Ɗanmarke, can hayin gulbi inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, an yi wani mutum ana ce da shi Anaruwa, don ana tsuga ruwa aka haife shi. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, in ya kama garma sai ka rantse gayya aka kira. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba ya taɓa kayan kowa. Matsalarsa guda ce tak: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Mutanen gari sun san halinsa, shi ya sa in za su aike shi sai sun juya maganar a baki tukuna.

Su uku ne a gidan. Da shi, da matarsa Tasalla, 'yar siririya mai yawan dariya, wadda ke cewa tun da ta auri mutumin nan ba ta taɓa rasa labarin kai wa bakin rijiya ba. Ta ukun ita ce kakarsa ta wajen uba, Yalwa, wadda duk gari ke kira Kaka. Ita ta rene shi bayan rasuwar iyayensa, kuma har ya yi gemu ba ta daina kiransa "angona" ba, irin wasan kaka da jika.

Kaka ba ta da abin da take ji da shi a duniya kamar lofenta na shan taba. Tukunyarsa ta yumɓu ce, ta yi baƙi wuluk don daɗewa, karansa dogo, an naɗe shi da jar fata. Maginin da ya gina shi ya daɗe a ƙasa, kuma Kaka ta ce duk lofen da ake sayarwa yanzu wasan yara ne. Kullum da hantsi da kuma bayan la'asar takan zauna gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗura ganyen taba, a kawo mata garwashi, ta yi ta busa hayaƙi tana gyara wa duniya zama. Da tsufa ya yi nisa, ido ya rage, hannu ya soma rawa, gyaran lofe ya gagare ta. Tasalla kuwa ko warin taba ta ji sai zuciyarta ta tashi. Haka aikin ya faɗo kan Anaruwa, shi kuma ya karɓe shi da hannu biyu.

Wata rana Kaka ta gama shan tabar hantsi, ta miƙa masa lofen ta ce, "Angona, karɓi ka ƙwanƙwasa shi a hankali, tokar ta fita." Anaruwa ya kai lofen kan turmi ya ajiye, ya tsuguna a gabansa, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar manya. Ya saurara. Toka ba ta fita ba. Ya sake ƙwanƙwasawa, wannan karon ya haɗa da sallama. Shiru. Yana nan tsugune rana ta take tsaka, inuwa ta bar shi, gumi ya jiƙa masa riga. Tasalla ta zo neman turmi za ta yi daka.

Ta ce, "Maigida, me kake jira a nan?"

Ya ce, "Toka. Tun ɗazu nake ƙwanƙwasawa, ta ƙi fita. Anya tana nan kuwa?"

Tasalla ta toshe hanci da gefen zane, ta ɗauki lofen ta kifa shi, ta buga a tafin hannu. Toka ta zubo. Anaruwa ya duƙa ya dube ta a ƙasa, ransa a ɓace, ya ce, "Ashe kina ciki kika ƙi amsa sallama."

Wata rana kuma karan lofen ya toshe. Kaka ta zuƙa, ta zuƙa, har kumatunta suka haɗu, hayaƙi bai zo ba. Bakinta cike da dakakken goro, ga ba haƙora, ta ce, "Angona, nemo gashin kaza ka zura a cikin karan nan, ka yi ta turawa har ya buɗe." Ta shiga ɗaki ta kishingiɗa. Anaruwa ya tsaya yana tunani. A duk Ɗanmarke ba mai sayar da gasasshiyar kaza sai ranar kasuwa, kuma kasuwa da saura. Yana cikin wannan tunani sai kazar Tasalla mai wake-wake ta gifta tana tono. Tasalla ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Ya bi kazar, ya kama, ya yanka, ya fige, ya hura wuta. Gashi ya yi na sosai, da yaji da garin ƙuli, don abin da za a ba lofen Kaka bai kamata a yi masa ha'inci ba. Ya fara gwada cinya, ta ƙi shiga. Ya gwada fiffike, ya ƙi. Sai ya yi ta yagar tsokar ƙirji siri-siri yana cusawa da tsinke.

Ƙamshi ne ya fito da Kaka daga ɗaki.

Ya ce, "Kaka, lofen nan ba shi da ci. 'Yar tsoka kaɗan ya karɓa, yanzu ma ya fi ɗazu toshewa."

Kaka ta lalubo ƙasa, ta tsinci gashi guda daga cikin tulin da ya fige, ta ɗaga masa a gaban ido. "Wannan na ce, angona. Na jikinta."

"Ai da kin ce na jikinta."

Ana cikin haka Tasalla ta shigo. Ta dubi gashin wake-wake a warwatse, ta dubi wuta, ta dubi mijinta. Anaruwa ya sunkuyar da kai, don ya san yadda take son kazar nan. Can ta jawo kujera ta zauna ta ce, "Tunda ta riga ta gasu, miƙo min cinyar." Suka cinye ta su uku. Aka daɗe lofen Kaka na ƙamshin tsire, duk inda ta zauna sai kyanwoyin unguwa su kewaye ta.

Wata rana, don a rabu da maiƙon kazar nan, Kaka ta sa ya zare karan ya ɗauraye shi da ruwan zafi, ya bi cikinsa da gashi, na jikin kaza wannan karon, har ya fito fes. Ya mayar da shi. Ta ce, "To, kai shi waje ya sha iska. Kada ka kawo min shi sai ya sha sosai." Anaruwa ya fita ƙofar gida ya ɗaga lofen sama. Ranar kuwa irin ranakun bazarar nan ce da ko ganye ba ya motsi. Ya juya gabas, ya juya yamma, ba iska. Tausayin lofen ya kama shi. Sai ya tuna in mutum na kan keke iska ba ta yanke masa. Ya je wurin maƙwabcinsu Korau tela ya ari keke, ya hau kan tudun bayan gari, ya riƙe lofen a hannu guda bakinsa na fuskantar gaba, ya saki birki. Iska ta shiga ta tukunya ta fita ta kara, lofe ya kama fito. Anaruwa ya ji daɗi ƙwarai, ya ƙara taka feda. Ya ratsa tsakiyar gari a guje, kaji na tashi sama, mutanen da ke hira a gindin durumi suka miƙe. Wani ya ce gobara ce, wani ya ce ko Kaka ce ba lafiya, suka rufa masa baya. Keken bai tsaya ba sai da ya kafe a rairayin gulbi, Anaruwa ya wuce ta kansa ya faɗi rigingine, hannu guda a sama riƙe da lofen, ko ƙwarzane bai yi ba.

Ya dawo gida da keke a kafaɗa, ƙafar gaba ta lanƙwashe, rabin gari na biye da shi. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Ya sha, Kaka. Har fito ya yi ta yi don daɗi." Sai da ya yi wa Korau noman gonar gyaɗarsa kaf kafin tela ya sake amsa gaisuwarsa.

Wata rana Kaka ta zura yatsa a tukunyar lofen ta ji ta cushe, baƙin da hayaƙi ke bari ya yi kauri har taba ba ta samun wurin zama. Ta ba shi 'yar wuƙa ta ce, "Kankare min cikin nan. Amma ka kula, ka bar masa 'yar rigarsa ta ciki, ita ke sa shi daɗi." Abin da take nufi shi ne ya rage baƙin, ya bar ɗan siriri a manne. Anaruwa ya zauna ya shiga kankara a hankali, yana leƙawa ko zai hango rigar. Ya kankare, ya leƙa, ba riga. Ya ƙara, ya leƙa, ba riga. Har jan yumɓu ya bayyana bai ga ko zare ba. Ya tone tulin baƙin da ya zubar, ya duba ƙarƙashin tabarma, ya duba aljihunsa. Ya tabbata shi ya ɓatar da ita. Bai gaya wa kowa ba, ya lallaɓa shagon Korau.

Ya ce, "Malam Korau, 'yar ciki nake so ka ɗinka."

Korau ya jawo tef zai auna masa ƙirji.

"Ba tawa ba. Tasa." Ya ɗora lofen a kan keken ɗinki.

Korau ya dubi lofen, ya dubi Anaruwa, ya ga ba alamar wasa a fuskarsa. Da yake shi ma mutum ne mai son abin dariya, ya auna lofen tsaf, ya samo ƙyallen farar shadda, ya ɗinka 'yar riga har da aljihu da ɗan aiki a wuya. Anaruwa ya kawo wa Kaka lofe sanye da riga, ya ce tsohuwar ta ɓata a hannunsa, amma ga sabuwa, ta yi haƙuri. Kaka ta shafa rigar, ta zura yatsa ta ji cikin tukunya sumul, baƙin shekara da shekaru ya tafi. Ranar ba ta yi dariya ba. Ta ɗura taba ta zuƙa, ta ji zafi da ɗanɗanon ƙasa, ta ajiye. Anaruwa ya kasa cin tuwon ranar.

Wata rana, da fushin ya sauka, ta kira shi ta ce, "Zo mu gyara ɓarnarka. Sabon lofe da zuma ake rainonsa. Je ka sa masa zuma a ciki, kaɗan, ka kawo min." Anaruwa ya yi murna da ya sami hanyar wanke laifinsa. Ya nufi ɗorawar bakin fadama inda aka rataye amya, ya hau, ya zauna a reshe. Duk zumar da ta leƙo daga amya sai ya cafke ta ya jefa a tukunyar lofe ya toshe da babban yatsa. Suna harbinsa yana cije baki, don Kaka ba ta ce ba za a ji zafi ba. Da ya ga sun yi daidai kaɗan, ya sauko ya taho gida, lofe na ruri a hannunsa. Ya tarar Mai unguwa ya zo gaida Kaka, yana zaune kan tabarma da rawaninsa.

Ya ce, "Na sa, Kaka. Sai dai ba sa son zama."

Ta ce, "Su wa?"

Ya ɗaga yatsa.

Kaka ba ta gani sosai amma kunnenta garau yake, tana jin ƙugi ta ja mayafi ta lulluɓe har ƙafa. Tasalla ta faɗa ɗaki ta saki asabari. Mai unguwa ne bai san halin gidan ba. Zuma guda ta shige cikin rawaninsa, ya fita zaure yana warware shi yana gudu, rawanin na jan ƙasa a bayansa. Daga ƙarƙashin mayafi ana jin Kaka tana dariya har da shessheƙa. Yatsan Anaruwa ya kumbura ya yi kamar dankali, amma bai damu ba, tunda Kaka ta yi dariya. Tasalla ce ta roƙo zumar sha a maƙwabta, ta toshe hanci ta shafe cikin tukunyar da kanta. A hankali lofen ya yi sabon baƙi, daɗinsa ya dawo.

Wata rana Kaka ta ce lofe ya soma ɗaci. "Shi ma kamar mutum yake, in aiki ya yi masa yawa sai ya ɓata rai. Yau a bar shi ya huta." Anaruwa ya shimfiɗa buzu a inuwa, ya kwantar da lofen, ya yi masa matashi da hularsa. Tasalla ta ɗaga taɓarya, ya riƙe ta, ya ɗauki turmin da hatsin a ka ya kai mata bayan gari ya ce ta daka a can. Jakin maƙwabta ya buɗe baki zai yi kuka, ya tura masa damin harawa. Can sai ga wani makaɗi ya biyo ta ƙofar gida da kalangu, za shi gidan biki. Anaruwa ya fita ya yi masa magana a hankali. Makaɗi ya ɗauka roƙon kiɗa ake, ya ƙara wuta har yana yi masa kirari. Anaruwa ya sungume shi da shi da kalangun, ya kai shi bayan makarantar allo ya dire, ya ce, "Daga nan za ka iya ci gaba. Muna da mai hutawa."

Haka aka yi ta zama har damina ta wuce. Da kaka ta yi, sai tari ya kama Kaka. Da ma takan yi shi jifa-jifa, amma wannan ya zo da nauyi. In ta fara sai ta dafa ƙasa, numfashinta na fita da ƙyar, tuwo ma loma kaɗan take ci ta ture. Daga ɗaki zuwa gindin darbejiya sai an riƙe ta. Lofe kuwa ba ta fasa ba. Anaruwa kan zauna nesa kaɗan yana kallonta, bai san abin da zai yi ba, don ba wanda ya ce masa ya yi wani abu.

Labari ya kai Gusau wurin autanta, Baffa Shekarau, ƙanen mahaifin Anaruwa, wanda ke fataucin hatsi a can. Ya aiko Na'Allah direba, mai motar da ke zuwa ranar kasuwa, da saƙo: yana nan tafe kasuwa mai zuwa, kuma in ya tarar da lofen nan a gidan, ba sauran magana, zai ɗauke Inna ya kai ta birni ta zauna a gabansa, tunda waɗanda ke tare da ita sun kasa.

Kaka ta ji saƙon ta buga sanda a ƙasa. Ta ce, "A garin nan aka kawo ni amarya, a nan za a binne ni. Ƙafata ba za ta taka gidan Auta na Gusau ba, ko a mafarki." Da Na'Allah ya koma wajen motarsa, ta jawo Anaruwa kusa ta rage murya. "Angona, Baffanka wayo ne da shi, zai bincike gidan nan, kuma in ya tsare ni da ido zan iya nuna masa. Ɗauki lofen nan ka kai shi inda ko ni ba zan same shi ba. Kada ka fito da shi sai Baffanka ya zo ya tafi."

Anaruwa ya fita da lofe a cikin riga, kansa ya ɗau zafi. Ƙarƙashin gado, Kaka za ta lalubo. Cikin rumbu, hancinta zai kai ta. Gidan Korau, da kanta za ta aika a karɓo. Duk inda ya tuna a Ɗanmarke, Kaka ta riga shi saninsa. Yana tafe yana tunani har ya iso bakin kasuwa, ya ga Na'Allah na ɗaure buhuna a mota. Nan take fuskarsa ta washe. Wuri guda ne a duniya Kaka ta ce ƙafarta ba za ta taka ba. Ya naɗe lofen a tsumma ya miƙa wa direba ya ce, "Ka kai wa Baffa hannu da hannu. Ka ce Kaka ce ta ce a kai shi inda ko ita ba za ta same shi ba."

Kasuwa ta zagayo, Baffa bai zo ba. Da yamma Kaka ta ce, "To, Auta ya fasa. Kawo min abina."

Ya ce, "Baffa bai zo ya tafi ba, Kaka."

"Na sani. Ni na ce ka ɓoye, ni kuma na ce ka kawo."

"Kin ce sai ya zo ya tafi."

"To gaya min inda yake."

"In na gaya miki ai kin same shi."

Ta lallashe shi, ta zage shi, ta ce ta sake shi ba ita ba shi, ta kai masa sanda ta sami turmi. Anaruwa ya ji zafin abin har cikin ransa, don bai taɓa hana Kaka komai ba. Amma maganar farko ita ce magana. Aka sayo mata sabon lofe a kasuwa, ta zuƙa sau ɗaya ta tofar, ta ce gara ta lashi bango. Kwanakin farko ba wanda ya ji daɗin gidan. Kanta na ciwo, kowa ya gifta sai ya sha faɗa, har kaji suka koma kwana a maƙwabta.

Sai ta ce da kanta za ta nemo shi. Ta fara da ɗakinta, tana jan jiki tana tari. Ta koma ɗakin Tasalla, ta zazzage tukwane. Ta sa aka ɗora ta a bakin rumbu ta shinshina. Da gida ya ƙare ta ɗauki sanda ta shiga maƙwabta, gida-gida, tana bincike ana ba ta fura. Daga nan ta nufi gona, ta tone gindin kowace bishiya da sanda, ta gangara fadama, ta leƙa kogon kuka. Anaruwa na biye da ita da buta da tabarma, in ta tambaye shi ko ta yi kusa, sai ya ce, "Da saura, Kaka," don ba ya ƙarya. Kullum ta dawo da yunwa, ta cinye tuwonta ta leƙa kwanon Tasalla. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Tasalla ce ta fara lura. Ta ja mijinta gefe ta ce, "Maigida, yaushe rabon da ka ji tarin Kaka mai ƙarfin nan?" Ya yi tunani, ya kasa tunawa. Ta ce, "Ko ina ka kai abin nan, kada ka gaya min ni ma."

Wata rana, bayan an gama kai amfanin gona gida, sai ga Baffa Shekarau ya sauka daga motar Na'Allah da buhun shinkafa da turmin atamfa. Ya tarar ba kowa a gida sai Tasalla. Yana tambaya sai ga Kaka ta shigo daga fadama, sanda a kafaɗa ba a ƙasa ba, tana yi wa Anaruwa faɗa da murya kamar ta mai tallar nono. Baffa ya tsaya yana kallonta. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Inna, ranar da Na'Allah ya miƙo min lofen nan da saƙonki, sai da na yi ta hamdala. Shekara nawa ina roƙonki, ashe da kanki za ki yanke. Shi ya sa ban yi gaggawar zuwa ba, na ce a bar ki ki cika alkawarinki ba mai tsaye a kanki. Yana can na rataye shi a falo, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa na ce ga irin zuciyar uwata."

Kaka ta juya a hankali ta fuskanci inda Anaruwa ke tsaye da buta. Shi kuwa ya gyaɗa mata kai, don a ganinsa aiki ya yi kyau. Tasalla ta cusa gefen mayafi a baki ta shige madafa.

Kaka ta yi gyaran murya. Ta ce, "E to, Auta. Na ga lokaci ya yi ne."

Baffa ya ce maganar birni ya janye ta, tunda ga shi ta fi shi lafiya. Ya dafa kafaɗar Anaruwa ya ce, "Na yi maka mummunan zato, ɗana. Ka riƙe ta da kyau." Da kasuwa ta tashi ya bi motar Na'Allah ya koma.

Da ƙurar motar ta kwanta, Kaka ta zauna gindin darbejiya ta kira jikanta. Ta ce, "To, Baffanka ya zo ya tafi. Ina lofena?"

Ya ce, "Yana Gusau, Kaka. In ɗaure miki kaya ki je ki ɗauko?"

Ta daɗe tana kallonsa, bakinta na motsi, ba a san ko faɗa ne ke zuwa ko dariya ba. Can ta ce, "Kai ya kamata a kai inda ba zan same ka ba."

Anaruwa ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji. Ya shiga ɗaki ya naɗe tabarmarsa, ya sa hula, ya yi wa Tasalla sallama, ya kama hanyar bakin kasuwa inda mota ke tsayawa. Sai da Tasalla ta leƙo ta ce, "Kaka, angonki fa ya tafi Gusau," sannan tsohuwa ta gane abin da bakinta ya jawo. Ta miƙe ko sanda ba ta ɗauka ba. Mutanen gindin durumi har yau suna ba da labarin ranar da suka ga Kaka Yalwa tana sassarfa a tsakiyar gari, zane a tattare, ta cim ma ƙaton jikanta ta damƙe shi ta bayan riga.

Ta jawo shi har gida, ta zauna tana haki, ba tari ko ɗaya. Ta ce, "Ajiye tabarmar nan. Zauna inda nake ganinka, kada ka ƙara gusawa."

Anaruwa ya zauna a bakin zaure ya ce, "Kina ganina?" Ta ce a'a. Ya matso tsakar gida, ya sake tambaya, ta ce duhu-duhu. Ya yi ta matsowa har gwiwarsa ta taɓa tata.

Ta ɗora hannu a kansa ta ce, "Yauwa. Nan."